Babi na Shida: Gwamnatin Haɗin Gwiwa a Jiha, da Hannun da ke Bisanta

Tun daga watan Fabrairu na shekarar 2024, lokacin da waɗansu 'yan Majalisar Wakilai ta Tarayya, su kimanin 60, suka gabatar da ƙudurin a mayar da Nijeriya bisa tsarin mulkin firayim minista irin wanda aka bi kafin soja su karɓe ragama a 1966, zancen ya sauko daga Abuja ya shiga majalisun unguwa, har ya zamana wanda ya zauna bayan la'asar a Gyadi-Gyadi ko Tarauni, ko ya tsaya shan shayi a Hotoro inda direbobin tanka suke kashe rana, yakan ji dattijo yana yabon zamanin Firimiya, saurayi kuma yana tambayar abin da ya raba shi da zamanin gwamna. Hujjar masu son komawa sananniya ce, kuma tana da ƙarfi: mulkin shugaban ƙasa da gwamnoni tsada gare shi, takararsa ba ta yiwuwa sai ga mai dukiya ko wanda mai dukiya ya tsaya masa, kuma wanda ya hau kujera ya hau ke nan sai shekara huɗu ta cika, ko ya gyara ko ya ɓata. Amma akwai wata mas'ala da take manne da wancan tsari wadda ba safai ake ambatonta ba, ita ce gwamnatin haɗin gwiwa, wato majalisar ministocin da jam'iyya biyu ko fiye suke tarayya a cikinta saboda babu ɗaya da ta sami rinjayen da zai ishe ta mulki ita kaɗai. A kanta wannan babi zai tsaya, kuma a matakin jiha, domin a nan ne talaka yake haɗuwa da hukuma ido da ido.

Bari mu kusantar da al'amarin ga mai karatu. Majalisar Dokokin Jihar Kano tana da kujeru 40. A ƙarƙashin tsarin firimiya, mutumin Darmanawa ko Daurawa ko Unguwa Uku ba zai ga sunan ɗan takarar gwamna a takardar ƙuri'a ba; wakilin mazaɓarsa kaɗai zai zaɓa, shi kuma wakilin ya nufi zauren majalisa, inda duk wanda ya iya tara mutum 21 a bayansa shi ne shugaban gwamnati, daga cikin 'yan majalisar nan kuma zai ɗebi ministocinsa. To, a ƙaddara jam'iyya ta farko ta sami kujeru 18, ta biyu 15, ta uku 7. A ranar nan mabuɗin gwamnati yana hannun mai bakwai, kuma sai a shiga ciniki: wa zai riƙe ma'aikatar kuɗi, wa zai riƙe ta ayyuka, wa kuma za a danƙa wa ta ƙasa da safiyo, wadda mutanen Hotoro da Tarauni, da gonakin kakanninsu suka koma fulotai a gaban idonsu, sun fi kowa sanin nauyinta. In an daidaita, to, ƙa'idar tsarin ita ce abin da majalisar ministoci ta zartar ya hau kan kowane minista, ko da ya yi jayayya a cikin ɗaki. In ya fito wajibinsa ne ya kare shi a bainar jama'a, in kuwa zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ya ajiye aiki. Ranar da ƙaramar jam'iyya ta janye mutanenta, ko majalisa ta ƙi amincewa da kasafin kuɗi, ranar gwamnati ta faɗi, ba a jiran shekara huɗu.

Fukaha'unmu na Malikiyya, a babin tarayyar dukiya, sun shar'anta cewa riba da hasara su kasance gwargwadon jarin kowane abokin tarayya, in kuwa aka gindaya wa ɗaya rabon da ya zarce jarinsa, to, ƙullin ya ɓaci tun daga tushe. Jarin jam'iyya a gwamnatin haɗin gwiwa shi ne ƙuri'un da jama'a suka ba ta amana. Abin da tarihin ƙasashenmu ya nuna kuwa shi ne, a matakin jiha, akwai abokin tarayya na uku wanda bai zuba ko anini ba, ba a kuma rubuta sunansa a takarda ba, alhali a hannunsa ƙullawa da warwarewa suke: hukumar da take bisa jihar, ko ta Ikko ce ko ta Faris.

Jihar Arewa, kamar yadda ake kiran yankin baki ɗaya a wancan zamani, ba ta ɗanɗani gwamnatin haɗin gwiwa ta haƙiƙa ba tun daga Oktoba 1954, da Alhaji Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato ya zama Firimiya, har zuwa Janairu 1966. Jam'iyyar NPC ta Sardauna ce take da zauren majalisa na Lugard a Kaduna ita kaɗai, kuma dalilan haka ba ɓoyayyu ba ne. A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, 'yan NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano, sun yi galaba a matakan farko a Kano, sai dai doka ta ba En'e ikon cusa nata mutane a matakin ƙarshe, aka wayi gari babu ɗan NEPU ko ɗaya da ya isa Kaduna. Shekara goma bayan haka, a zaɓen jiha na Mayu 1961, NPC ta kwashe kujeru 160 daga cikin 170. Lalle Sardauna ya yi tadbiri wajen haɗa ministocinsa: Aliyu Makaman Bida a kan kuɗi, Isa Kaita a kan ilimi, Ibrahim Musa Gashash na Kano a kan ƙasa da safiyo, ga Michael Audu Buba daga Lardin Filato da George Ohikere daga Lardin Kabba, ga kuma manyan sarakuna a matsayin ministoci marasa ma'aikata. Wannan hikima ce da bai kamata a raina ta ba, domin tara Musulmi da Kirista da kabilu barkatai a inuwa ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai haɗi ne na larduna da masarautu a cikin gida ɗaya, babu wani a cikinsu da zai janye mutanensa gwamnati ta girgiza.

Kanawa sun san ɗacin haɗin gwiwa ta wata fuska dabam. A zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959, cikin kujeru 312, NPC ta sami 134, NCNC da ƙawarta NEPU suka sami 89, takwas daga ciki na NEPU, ita kuwa AG ta Awolowo ta tashi da 73. Da yake babu mai rinjaye, NPC da NCNC suka ƙulla tarayya, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista, Inuwa Wada da Maitama Sule suka shiga cikin ministoci daga Kano. Malam Aminu Kano, wanda babban asibitin koyarwa da ke kan titin Zariya daura da Gyadi-Gyadi yake ɗauke da sunansa a yau, ya ci kujerar Kano ta Gabas, kuma saboda ƙawancen da ke tsakanin jam'iyyarsa da NCNC tun 1954 sai ya tsinci kansa a ɓangaren gwamnati, har aka ba shi mataimakin mai tsawatarwa. Mai karatu ya dubi wannan hali da idon basira: a Ikko aikin Malam shi ne tattaro ƙuri'u ga gwamnatin da NPC take jagoranta, a Kano kuwa 'yan doka suna kama mabiyansa, alƙalai suna ɗaure su bisa tuhumar lacca ba izini ko ɓatanci ga sarauta. NEPU ba ta sami minista ko ɗaya ba, tarayyar Ikko ba ta sassauta wa talakawanta komai ba a ƙasa, kuma a zaɓen 1961 da aka ambata kujera ɗaya tak ta tsira da ita. Manya biyu sun daidaita a sama, ƙaramin da ya bi ɗayansu ya biya farashi a gida.

Wanda yake son ganin gwamnatin haɗin gwiwa ta jiha da cikakkiyar surarta a Nijeriya sai ya nufi Ibadan, kuma ya dace a tsaya a nan a yi bayani dalla-dalla, domin duk illolin da ake tsoro sun taru a cikin wannan ƙissa.

Da Cif Obafemi Awolowo ya bar kujerar Firimiyan Jihar Yamma a ƙarshen 1959 ya tafi Ikko ya zama madugun 'yan hamayya, mataimakinsa a jam'iyya, Cif Samuel Ladoke Akintola, shi ya gaje shi. Saɓani ya shiga tsakaninsu, a kan wa yake da ta-cewa tsakanin shugaban jam'iyya da shugaban gwamnati, da kuma a kan ko ya kamata AG ta sasanta da NPC ta shiga gwamnatin tarayya, abin da Akintola yake ganin shi ne maslahar Yarabawa, Awolowo kuwa yake ƙyamarsa. Ɓaraka ta fito fili a babban taron jam'iyya na Jos a Fabrairu 1962. A watan Mayu 'yan majalisa 66 suka sa hannu a takarda cewa sun janye goyon bayansu, Gwamnan jihar, Sir Adesoji Aderemi Sarkin Ife, ya dogara da wannan takarda ya sauke Akintola ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Ranar 25 ga Mayu, da majalisa ta zauna domin tabbatar da sabon Firimiya, 'yan tsiraru magoya bayan Akintola tare da 'yan NCNC suka ta da hargitsi, aka yi jifa da kujeru, aka karya sandar majalisa, 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa a cikin zaure. Kwana huɗu bayan haka majalisar tarayya, wadda NPC da NCNC suke da rinjaye a cikinta, ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar, aka dakatar da gwamnati da majalisa, aka naɗa Dokta Moses Majekodunmi kantoma. Abin lura shi ne, hatsaniyar da aka kafa hujja da ita ba ta wuce bangon majalisa ba, garin Ibadan yana zaune lafiya, alhali tarzomar ƙasar Tibi ta 1960, wadda aka ƙone gidaje aka rasa rayuka a cikinta, ba ta sa an dakatar da gwamnatin Kaduna ko na yini ɗaya ba.

Da wa'adin dokar ya cika a ƙarshen shekara, adalci ya hukunta a koma ga jama'a su sake zaɓe, amma ba a koma ba. Ranar 1 ga Janairu 1963 aka mayar da Akintola kan kujera, a wannan karo yana jagorantar haɗin gwiwa tsakanin sabuwar jam'iyyarsa ta UPP, wadda ba ta taɓa tsayawa zaɓe ba balle a san jarinta, da NCNC ta Yamma, wadda shugabanta a majalisa, Cif Remi Fani-Kayode, ya zama Mataimakin Firimiya. Waɗannan ɓangarori biyu sun shafe shekara goma suna gaba da juna a dandalin lacca, babu wata manufa ta ilimi ko noma ko haraji da ta haɗa su, abin da ya tara su kawai shi ne ƙin Awolowo da son kujera, rinjayen da suka samu a majalisa kuwa na masu sauya sheƙa ne, waɗanda aka zaɓa da sunan AG suka wayi gari a wani gida. A watan Mayu na wannan shekara kotun ɗaukaka ƙara ta Sarauniya a Landan, wadda ita ce ƙarshen shari'a a lokacin, ta yanke cewa saukewar da Gwamna ya yi wa Akintola tana bisa doka. Nan take majalisar Yamma ta gyara tsarin mulkin jihar, ta mayar da gyaran baya zuwa Oktoba 1960 domin hukuncin ya zama banza, majalisar tarayya kuma ta sa albarka. A watan Agusta aka yanke Jihar Tsakiyar Yamma daga jikin Yamma, abin da NCNC ta daɗe tana nema, a watan Satumba kuma aka ɗaure Awolowo shekara goma.

Tarayyar ba ta wuce wata goma sha huɗu da 'yan kwanaki ba, kuma abin da ya kashe ta daga sama ya zo, kamar yadda abin da ya haife ta daga sama ya zo. A Fabrairu 1964 aka bayyana sakamakon ƙidayar 1963, wanda ya ba Arewa mutum miliyan 29.8, fiye da rabin ƙasa. Dokta Michael Okpara, Firimiyan Gabas kuma shugaban NCNC, ya yi fatali da shi, Akintola kuwa ya karɓa. Sai ministocin NCNC na Ibadan suka tsinci kansu tsakanin umarnin uwar jam'iyya da kujerun da suke kai, akasarinsu suka zaɓi kujera, a watan Maris suka narke tare da UPP suka zama NNDP, wadda ba da jimawa ba ta ƙulla ƙawance da NPC. NCNC ta shiga tarayya da reshe guda mai ƙarfi a Yamma, ta fito an haɗiye shi. Gwamnatin da aka gina ba da yardar jama'a ba kuwa ba ta da hanyar tsira a zaɓe sai ta maguɗi, shi ya sa zaɓen 11 ga Oktoba 1965 ya zama abin da ya zama, aka shiga ƙone gidaje da mutane da fetur, har zuwa daren 15 ga Janairu 1966 da aka kashe Akintola a Ibadan, Sardauna a Kaduna, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Ikko aka kashe. Allah Ya jiƙan magabatanmu. Ba na cewa tarayyar Ibadan ita kaɗai ta jawo wannan musiba, amma duk mai insafi zai yarda tana cikin manyan sabubbanta.

Ƙissa ta biyu, ta Nijar, ta fi kusa da mu ta fuskar jini da harshe, ko da yake 'yan makarantarmu ba su cika saninta ba, domin iyakar da Turawa suka shata tsakanin Katsina da Maraɗi ta raba har da littattafan tarihi. A 1956 Faransa ta kafa wata doka da ta ba kowane yanki na mulkin mallakarta majalisa zaɓaɓɓiya da ƙaramar majalisar ministoci, Gwamna Bature yana shugaba, ɗan ƙasa yana mataimaki. Nijar a lokacin matsayinta na jiha ne a cikin tarayyar Afirka ta Yamma ta Faransa, wadda hedkwatarta take Dakar. Djibo Bakary, tsohon malamin makaranta kuma jagoran ƙungiyar ƙwadago, yana da jam'iyyar UDN, wadda jama'a suka fi sani da Sawaba, ƙarfinta kuwa yana wajen leburori da direbobi da ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, musamman a Maraɗi da Tasawa da Damagaram. Da ya ga talakawan gari kaɗai ba za su kai shi ga rinjaye ba, tun da ƙuri'ar karkara a hannun sarakuna take, sai ya haɗa kai da BNA, jam'iyyar sarakuna da manyan ma'aikata, ta su Issoufou Saïdou Djermakoye da Georges Condat. A takarda sun zama jam'iyya ɗaya mai suna MSA, a haƙiƙa kuwa gida biyu ne. A zaɓen 31 ga Maris 1957 suka sami kujeru 41 daga cikin 60, PPN ta Diori Hamani ta sami 19, Djibo ya kafa gwamnatin 'yan ƙasa ta farko a Yamai, Condat ya zama shugaban majalisa.

Wanda ya san siyasar Kano zai gane girman abin da aka yi, domin daidai yake da a ce NEPU da 'yan majalisar Sarki sun zauna a teburi ɗaya suna rabon ma'aikatu. Tun ba a je ko'ina ba aka fara jin ƙara, saboda gwamnatin ta taɓa waɗansu sarakunan gundumomi ta sauke su, sauran kuma suka sha jinin jikinsu. Sai ga shekarar 1958, Janar Digol ya dawo mulki a Faransa, ya sa ranar 28 ga Satumba domin ƙuri'ar raba gardama: ko yanki ya ce i ya zauna a cikin tarayya da Faransa, ko ya ce a'a ya karɓi 'yancinsa nan take a yanke masa kowane taimako. Djibo, wanda a watan Yuli aka zaɓe shi babban sakataren jam'iyyar PRA a taron Kwatano inda aka nemi 'yanci ba da jinkiri ba, ya ce a'a. Faransa kuwa ba za ta saki Nijar ba, ga iyakarta da Aljeriya inda yaƙi yake ci, ga alamar yuraniyom da aka fara gani a arewacin ƙasar a 1957, ga kuma tsoron kada Hausawan can su karkata ga 'yan'uwansu na Nijeriya. Aka aiko sabon Gwamna, Don-Jean Colombani, shi kuwa bai wahalar da kansa da jayayya da talakawan Sawaba ba, kai tsaye ya nufi inda ɗinkin yake da rauni. Kumandojin gundumomi suka bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya, da lallashi da barazana, Djermakoye da akasarin mutanen tsohuwar BNA suka balle suka koma wajen masu cewa i. Aka bayyana cewa kashi 78 cikin 100 sun amince, alhali waɗanda suka fita ƙuri'a ba su kai kashi 40 cikin 100 na masu rajista ba. Gwamnatin Djibo ta sauka a Oktoba, aka rushe majalisa, aka sake zaɓe a 14 ga Disamba, sabuwar tarayya ta PPN da sarakunan nan dai da suka balle ta kwashe kujeru, Diori Hamani ya zama shugaban gwamnati ranar 18 ga wata. Kafin 1959 ta ƙare an haramta Sawaba, Nijar ta zama ƙasar jam'iyya ɗaya har juyin mulkin 1974, 'yan Sawaba da yawa kuma suka tsallako Kano, inda 'yan NEPU suka ba su masauki.

Ibadan da Yamai sun bambanta ta fuskoki da dama, kuma ba na daidaita Djibo da Akintola a mizani, domin ɗaya da ƙuri'a ya hau aka ture shi, ɗaya kuwa an ture shi ne aka mayar da shi ba da ƙuri'a ba. Inda suka haɗu shi ne, a duka biyun hukumar da ke sama ta tarar da majalisar da ba ta da jam'iyya ɗaya mai rinjaye tabbatacce, ta sa hannu ta zaɓi wanda zai yi mulki, kuma ta yi haka ne ta hanyar saye ko tsoratar da ɓangaren da ya fi rauni a cikin tarayya. Gwamnatin jam'iyya ɗaya, in za a kayar da ita, sai an fasa jam'iyyar. Ta haɗin gwiwa kuwa da tsagarta aka haife ta, mai son rusa ta neman bakin tsagar kawai zai yi.

Kada a fahimci wannan a matsayin wanke tsarin da muke kai yanzu. A Jihar Kaduna ta 1979, wadda ta haɗa da Katsina, jama'a sun zaɓi Alhaji Balarabe Musa na PRP gwamna, suka kuma ba NPN rinjaye a majalisa. Da a tsarin firimiya ne da tilas a daidaita ko a koma zaɓe, amma a tsarin gwamna sai aka yi ta kai ruwa rana, majalisa tana ƙin amincewa da sunayen kwamishinoninsa, ya yi kusan shekara biyu ba shi da majalisar zartarwa, har aka tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981. Hannun sama kuma bai gushe ba don an sauya tsari. A Mayu 2004 an dakatar da Gwamna Joshua Dariye na Filato da majalisarsa aka naɗa kantoma, a 18 ga Maris 2025 kuma aka yi wa Jihar Ribas haka na wata shida. Abin da nake nufi shi ne, wanda zai mayar da jihohi 36 bisa tsarin firimiya, alhali Abuja tana riƙe da 'yan sanda da kason wata-wata da ikon kafa dokar ta-ɓaci, sauya sheƙa kuma ta zama ruwan dare duk da sashe na 109 na tsarin mulkin 1999 ya hana ta sai in jam'iyya ta rabu, to, ya sani ya buɗe ƙofa 36 ga irin abin da ya faru a Ibadan, sai fa in ya sa mata sakata tun da wuri.

Sakatar kuwa an san ta, domin wasu sun sha wannan wahala kafin mu. Indiya tarayya ce mai jihohi, kowace da babban ministanta da majalisarta, gwamnatocin haɗin gwiwa kuma ba baƙi ba ne a can. Shekara da shekaru gwamnatin Delhi tana amfani da sashe na 356 na tsarin mulki tana rushe gwamnatocin jihohin da ba nata ba, sau da dama bisa da'awar cewa sun rasa rinjaye. A 1989 aka yi wa S. R. Bommai, babban ministan Jihar Karnataka, haka, bisa wasiƙun da wasu 'yan majalisa suka aika wa Gwamna, ba tare da an bar shi ya gwada ƙarfinsa a zaure ba, wato ainihin abin da aka yi sa-in-sa a kansa tsakanin Adegbenro da Akintola. Ya kai ƙara, a Maris 1994 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a zauren majalisa ake tabbatar da rinjaye, da ƙuri'a a fili, kuma kotu tana da ikon bincikar dalilin rushe gwamnatin jiha, ta mayar da ita in dalilin bai inganta ba. Tun daga nan rushe-rushen ya ragu ƙwarai. A Jamus kuma, a tarayya da waɗansu jihohinta, majalisa ba ta iya sauke shugaban gwamnati sai ta zaɓi magajinsa a cikin ƙuri'a guda, kuma al'adar jam'iyyunsu ce su rubuta yarjejeniyar tarayyarsu filla-filla su buga ta kowa ya karanta kafin a rantsar da minista ko ɗaya.

Ni ina cikin masu ganin alheri a tsarin firimiya, domin shura da tilasta wa shugaba tsayuwa gaban wakilan jama'a yana amsa tambaya sun fi kusa da abin da malamanmu suka karantar game da amanar mulki. Amma goyon bayana yana da sharaɗi, kuma ina roƙon mai karatu, ko a Hotoro yake ko a Gyadi-Gyadi ko a Tarauni, ranar da ɗan majalisarsa ya zo neman ya mara wa wannan ƙuduri baya, ya tambaye shi ko an rubuta a ciki cewa ba a sauke firimiyan jiha sai da ƙuri'a a zauren majalisa, cewa wanda ya sauya sheƙa ya koma mazaɓarsa a sake zaɓe, kuma cewa Abuja ba ta da ikon naɗa kantoma a kan zaɓaɓɓiyar majalisa sai kotu ta duba hujjarta. In ya ce ba a rubuta ba, a ce masa ya koma a rubuta tukuna.